Na Yi Manhaja Don Allah, Yanzu Kunyar Karɓar Kuɗi Ta Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 31, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Ilimin kwamfuta na karanta, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Shekara huɗu da suka wuce na dubi wahalar da malamai ke sha a ƙarshen zango wajen tara maki da cika katin sakamako da hannu, sai na rubuta manhajar da ke yin wannan aiki, tana lissafin kuɗin makaranta, kuma tana aiki ko babu intanet. Niyyata ta zama sadaka mai gudana ga mahaifiyata da ta rasu. Saboda haka na buɗe lambobinta, wato ainihin rubutun da aka gina ta da shi, a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, da lasisin GPL mai ba kowa izinin amfani da ita da gyara ta da raba ta, kowa ya ɗauka kyauta. Yau makarantu 23 ke aiki da ita.

Matsalar ita ce ƙarshen kowane zango wayata ba ta hutawa, har ƙarfe ɗaya na dare. Da kuɗina nake hawa kabu-kabu zuwa Arkilla da Runjin Sambo, wani lokaci in shiga mota har Bodinga. Na sa lambar asusu a cikin manhajar don mai son ba da gudummawa, amma cikin shekara biyu mutum uku kaɗai suka turo. Ranar da zazzaɓi ya kama 'yata ina wata makaranta ina fama da firinta, maiɗakina ita kaɗai ta kai ta asibiti, kuma tun ranar ba ta sake yi mini maganar aikin ba. Baba ya kira ni ya ce, "Wanga aiki naka, mi kaka samu ciki?" Na rasa amsa. Abokina da ya rubuta ɓangaren lissafin kuɗi ya ce mu rufe ta mu riƙa sayarwa, in ba haka ba ya janye. Ga wani kuma a Birnin Kebbi da na ji yana ɗora wa makarantu ita yana karɓar kuɗi, ko sallama bai taɓa yi mini ba.

Sau ɗaya na ce wa wani mai makaranta ya biya mini kuɗin mota, sai ya ce, "Ashe ba don Allah ka yi ba?" Tun daga nan bakina ya mutu. Malam, in na fara karɓar kuɗi na ɓata ladar Inna? In rufe manhajar, in watsar da ita, ko in ci gaba da haƙuri?

Daga wani ɗan'uwa a Mabera

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya kai mata ladar duk katin sakamakon da manhajarka ta fitar. Allah ya ƙara wa 'yarka lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne kan maganar mai makarantar nan. Ita ce ƙayar da ta soke ka, sauran duk kumburi ne. Bari mu fara cire ta.

Ka ɗauki rijiyar da wani bawan Allah ya gina a ƙofar masallaci. Ruwan na kowa ne, ba a tambayar kowa ko sisi. Amma cikin bazara, lokacin da ranar Sakkwato ke dukan tsakar ka, za ka ga ɗan ga-ruwa ya jera jarkoki a kura, ya cika su ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba har cikin idonsa, ya tura cikin rairayi zuwa ƙofar gidanku. In ya juye a randa ya miƙo hannu, akwai wanda ya taɓa ce masa ai rijiyar ta Allah ce? Babu. Kowa ya san ƙarfinsa ake biya. Haka in rijiyar ta cushe aka kira mai yasa, haka in igiyar guga ta tsinke. Kai abu biyu ka riƙa bayarwa a shekaru huɗun nan. Na farko manhajar, ita ce rijiyar, ita ka yi wa Inna alkawari. Na biyu darenka da kuɗin motarka da lokacin iyalinka, kuma ban ga inda ka ce ka yi wa kowa alkawarin waɗannan ba. Sun biyo baya ne a hankali, har mutane suka ɗauka duk abu ɗaya ne, kai ma ka ɗauka haka.

Addininmu ya san wannan rabe-raben tun farko. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya shardanta ba za a sayar da ita ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, kuma babu laifi ga mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka sani. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, kuma shi ne tushen wakafi. Dubi yadda ya yi kama da halinka. Ka tsare asalin manhajar ta yadda ba mai iya mallake ta shi kaɗai, amfaninta na gudana, kai ne mai kula. Wanda ya kafa wakafin da kansa bai yarda mai kula ya kwana da yunwa ba. Ka kai wa malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa wannan maganar yadda na faɗa maka, don zuciyarka ta ji daga bakin da ta saba da shi.

Su ma waɗanda suka ƙirƙiro wannan tafiya ta buɗaɗɗiyar manhaja ba su taɓa haramta kuɗi ba. Richard Stallman, Ba'amurken da ya fara GNU, aikin gina manhajojin da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa, a 1983, wanda kuma daga wurinsa lasisin GPL ɗin da ka ɗauka ya fito, da sayar da kwafin manhajarsa ta Emacs ya riƙa ciyar da kansa a farkon tafiyar: duk mai so a aika masa a faifai, dala 150. Ruɗanin daga Turanci ya samo asali, domin kalma ɗaya suke da ita ga kyauta da kuma 'yanci. Mu Hausa ta raba mana su. Abin da GPL ke karewa 'yanci ne: mutum ya yi aiki da manhaja, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Babu layi ɗaya a cikinsa da ya wajabta maka ɗaga waya ƙarfe ɗaya na dare. Hasali ma lasisin ya faɗa ƙarara cewa manhajar ba ta zo da wani garanti ba, kuma mai so yana iya sayar da taimako ko garanti a kan kuɗi.

Yanzu maganar gudummawa. Na san mutum uku cikin shekara biyu ya yi maka ciwo, kamar mutane sun raina aikin. Kada ka fassara shi haka, don abin da ya same ka ya sami waɗanda duniya gaba ɗaya ta jingina da su. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Sai a lokacin mutane suka ji cewa gudummawar da ke shigar wa masu kula da ita ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne kacal ke aikinta cikakken lokaci. A 2015 labarin Werner Koch ya fito, Bajamushen da ya rubuta GnuPG tun 1997, manhajar da 'yan jarida da masu tsaron bayanai ke ɓoye saƙonni da ita: kuɗi sun kusa ƙare masa. Da labarin ya bazu, kamfanonin Facebook da Stripe kowanne ya yi alkawarin dala 50,000 a shekara. Lura da abin da ya faru a duka biyun. Kuɗin na nan, masu amfani na nan, amma ba wanda ya motsa sai da aka fito aka faɗi halin da ake ciki. Abin da ke aiki lafiya, ba a tuna akwai mai wahala a bayansa.

Mu kanmu ai mun san yadda gudummawa take. Ba a kai wa mutum gudummawa haka kawai don yana zaune a gidansa. Sai an sa ranar biki ko suna, an raba goro, kowa ya san dalili ya san rana. Lambar asusun da ka liƙa a kusurwar manhaja biki ne da ba a sa masa rana ba. A 2002 Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya so ya fanso manhajar zane ta Blender daga hannun masu jarin kamfanin da ya durƙushe don ya buɗe ta ga kowa. Ya faɗi adadin da ake nema, yuro 100,000, ya faɗi abin da za a yi da su, kuma cikin mako bakwai aka tara. In za ka nemi gudummawa, haka za ka yi. Ka zaɓi aiki guda da ake ta roƙonka, misali katin sakamako da ke fita da Larabci don makarantun Islamiyya, ka faɗi kuɗin da zai ci da watannin da zai ɗauka, ka sa ranar rufewa, ka riƙa sanar da abin da ya shigo duk mako. In an gama ka nuna aikin. Amma ka sa a ranka gudummawa ta gina sabon ɗaki ce, ba a dogara da ita wajen cefanen yau da kullum.

Cefane daga kuɗin taimako zai fito, kuma a nan nake so ka zauna da biro da takarda. Hanya ce da aka daɗe ana bi. Kamfanin Red Hat bai mallaki Linux ba, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, kowa na iya samunta kyauta, amma da sayar wa kamfanoni kulawa da gyara da tabbacin akwai mai amsa kira ya haura dala biliyan ɗaya a shekara a 2012, har IBM ta saye shi a 2019 kan kimanin dala biliyan 34. Ban kawo wannan don in sa maka dogon buri ba. Na kawo ne don ka ga abin da mutane ke biya: kwanciyar hankali. Mai makarantar da iyaye za su cika masa harabar makaranta ranar Alhamis, ga firinta ta ƙi, ga makin aji uku ya ɓace, ba lambobin manhaja yake nema ba. Mutum yake nema da zai zo.

To ka sayar masa da wannan zuwan, a rubuce. Yarjejeniya ta zango-zango, shafi ɗaya, da Hausa. A ciki ka faɗi abin da mai biya zai samu: ɗora manhajar da sabunta ta, horar da malami ɗaya ko biyu, adana kwafin bayanan makaranta duk wata, amsa kira daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, da ziyara sau kaza a zango. Ka faɗi abin da ba ya ciki: gyaran firinta, cire bairos daga kwamfuta, kuɗin mota zuwa wajen gari, da kiran dare. Waɗannan kowanne da kuɗinsa daban. Farashin ka ɗora shi a kan yawan ɗalibai, don shi ne ma'aunin da masu makarantu suka saba da shi kuma shi ya fi adalci. Ga misali don lissafi kawai: in ka ce naira 200 kan kowane ɗalibi a zango, makaranta mai ɗalibai 300 za ta biya naira 60,000. In goma irinta suka shiga, naira 600,000 ke nan a zango. Kai ka san kuɗin da suke karɓa a hannun iyaye, kai za ka daidaita adadin. Abin da zan roƙe ka shi ne kafin ka yanka farashi ka rubuta duk abin da zangon da ya wuce ya ci maka, data da mota da man janareto da awannin da ka yi, don kada kunya ta sa ka yanka abin da ko kuɗin kabu-kabu ba zai mayar ba.

Ka yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da sunan, ka buga rasit. Mai makarantar da zai ji nauyin tura kuɗi asusun wani malami ba ya jin komai in takardar biya ce ta zo daga kamfani, domin akwai inda zai rubuta ta a littafin kashe kuɗi. Ka sayi layin waya na biyu na aikin kaɗai, ka riƙa kashe shi bayan isha'i. Sannan tunda sunayen yara da makinsu da bashin iyayensu za su riƙa bi ta hannunka, ka karanta dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, ka rubuta a yarjejeniyar cewa bayanan na makaranta ne, amana ce a wurinka, ba ka ba kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tayar da maganar a makon jarrabawa, zai zama kamar ka shaƙe su ne don sun matsu. Ka yi ta lokacin hutu, ka ba da sanarwar zango guda cur. Kuma kada ka fara da saƙon WhatsApp ga kowa da kowa. Ka zaɓi manyan makarantu uku da suka fi kiranka, ka je da ƙafarka, ku gaisa, ka ce: "Alhaji, manhajar nan kyauta ce kuma kyauta za ta ci gaba da zama, ko kun biya ko ba ku biya ba, ba mai kashe muku ita. Amma zuwan da nake yi ya fi ƙarfina, iyalina sun fara cutuwa. Daga zango mai zuwa ga tsarin da na yi." Ka miƙa takardar ka yi shiru. Shirun nan shi ne wurin da ya fi wuya, don bakinka zai so ya ce "amma in babu ba komai". Kada ka faɗa.

Shi kuma wanda ya ce maka ba don Allah ka yi ba, ban so ka riƙe shi a zuci. Shekara da shekaru yana samun abu a sauƙaƙe, ranar da aka taɓa aljihunsa ya faɗi abin da ya fara zuwa bakinsa. Sabo ne, kuma da hannunka aka gina sabon. In ya maimaita, ka amsa masa da ladabi cewa shi ma tarbiyyar yaran Musulmi yake yi, aikin lada ne babba, kuma kuɗin makarantar da yake karɓa don ya biya malamai bai rage masa ladar ba. In ya fahimta, madalla. In ya ce zai tafi, manhajar na hannunsa, Inna na samun ladarta, kai kuma ka samu barcinka.

Akwai waɗanda da gaske ba su da shi, kuma na san su ne ke ranka. Islamiyyar da malamanta ke koyarwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kwamfuta ɗaya tsohuwa wadda wani ya ba su sadaka. Kada ka yar da su. Ka ware adadi, uku ko huɗu, ka ce waɗannan ka ɗauke musu, kuma su ma a cikin lokacin aiki. Sauran ka buɗe musu zaure ɗaya a WhatsApp inda malamai za su riƙa amsa wa juna, ka ɗauki gajerun bidiyo da Hausa kan tambayoyi goma da aka fi yi maka, don na tabbata yawancin kiran daren nan tambaya ɗaya ce ake maimaitawa. Kana kuma iya samun mai hali a unguwa ka ce ya ɗauki nauyin kuɗin taimakon makaranta ɗaya na shekara. Mutanenmu sun fi sakin hannu in an nuna musu makarantar da ido an ce ga ta.

Abokinka ya gano ciwon daidai, maganin ne ban yarda da shi ba. Ka fara da gode masa, don shi ma ya zuba guminsa a ɓangaren lissafin kuɗi bai ga komai ba, kuma barazanar janyewar da ya yi gajiya ce irin taka, shi dai ya iya furtawa. Amma ka nuna masa abu biyu. Duk abin da kuka riga kuka saki da GPL ya saku, wanda ya ɗauka yana da haƙƙin ci gaba da amfani da shi da raba shi, ba ku da ikon janyewa. Sabon da za ku rubuta nan gaba ne kawai kuke iya canza wa lasisi, shi ma sai duk wanda rubutunsa ke ciki ya yarda. Na biyu, ku dubi kasuwar da kuke ciki. Manhajojin manyan kamfanonin duniya ma yawo suke a filash daga shago zuwa shago an fasa makullinsu. In kun rufe taku, za ku ɓata ƙarfinku wajen gadin ƙofa, makarantu su ci gaba da tsohuwar da ke hannunsu, ku rasa yardar da ita ce jarinku. Ka ba shi kaso bayyananne a kuɗin taimako, a rubuce. In yana son abin sayarwa, ga fili: hidimar da iyaye za su ga sakamakon yaransu a waya, ko tura musu saƙon tunin kuɗin makaranta, ko ajiye bayanai a rumbun intanet. Waɗannan suna cin kuɗi duk wata, ba wanda zai yi mamaki in an ce ya biya. Haka WordPress, manhajar gina shafukan intanet, take tun 2003: manhajar kyauta, amma masu ajiye wa mutane shafukansu da kula da su suna cin abinci da ita. In duk da haka ya ce sai dai a rufe, ku rabu da mutunci, kada manhaja ta raba zumunci.

Na Birnin Kebbi kuwa, na san ya ƙona maka rai, amma lasisin da ka zaɓa ya ba shi damar karɓar kuɗi. Sharaɗin da ke kansa shi ne kada ya goge sunanka daga bayanin haƙƙin mallaka, kuma in ya gyara ya ba wasu, dole ya ba su lambobin gyaran a kan lasisi ɗaya. Ni alheri na gani a labarinsa: ya tabbatar maka makarantu na biya. Ka nemi lambarsa ka kira shi da fara'a. Manhajar koyarwa ta Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, da irin waɗannan mutanen ta daɗe tana rayuwa: kamfanoni a ƙasashe daban-daban suna yi wa makarantu hidimarta da amincewar cibiyar, suna mayar mata da wani kaso na abin da suka samu. Ka ce masa ya zama wakilinka a Kebbi, ka sa sunansa a shafin manhajar, matsalar da ta fi ƙarfinsa ya turo maka, shi kuma ya riƙa ba da kaso. In ya ƙi, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin kira.

Na bar maganar maiɗakinka zuwa nan ne don ita ta fi nauyi. Ka ce mutum uku suka ba da gudummawa. Ka manta ta huɗu, wadda ta fi kowa bayarwa. Kuɗin motar nan daga cefanenta ya fita, dararen nan nata ne, kuma ita ta goya yarinya da zazzaɓi ta tsaya layin asibiti ita kaɗai. Ba a tambaye ta ba aka sa ta cikin sadakar. Shirun da ta yi ya fi faɗa ba ni tsoro, don mai faɗa bai cire rai ba tukuna. Kafin ka je wurin kowane mai makaranta, ka zauna da ita bayan 'yar ta yi barci, waya a kashe. Ka ba ta haƙuri a kan ranar asibitin, da sunan ranar, ba tare da ka kawo uzuri ba. Ka nuna mata takardar lissafin. Ka bar ta ta sa baki a kan ƙarfe nawa za a kashe layin aiki da makarantu nawa za a ɗauke wa. Ciyar da iyali wajibi ne a kanka, hidimar makarantu nafila ce, kuma ka san wanda ake gabatarwa in sun haɗu.

Wani abu kuma da nake so ka ji, don kada ka ɗauka haƙurin da kake yi shi ne ya fi amfanar makarantun. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhaja da ke cikin kusan kowace Linux. Da aka bi sawu, sai aka ga mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita ba biya, ya gaji har ya faɗa da bakinsa, ana ta matsa masa, sai ya ba wani da ya nuna kamar mai taimako ne dama, ashe mugu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makarantu 23 sun jingina da mutum ɗaya da ba ya barci. Da kuɗin farko da ya shigo, ka ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, cikin masu neman wurin horon sanin makamar aiki, ka koya musu, ka riƙa ba su na mota da na abinci. Su je ziyarar kusa, kai ka duba abin da suka rubuta kafin ya shiga manhajar.

Ba zan ɓoye maka ba, wasu makarantun za su ƙi, wasu za su yi alkawari su yi ta ja maka rai. Ka karɓi kuɗin a farkon zango, lokacin da iyaye ke biya, ba a ƙarshe ba. Ka ba tsarin zango biyu. In bayan nan abin da ke shigowa bai rufe abin da ke fita ba, kana da damar ka sanar cewa ka daina zuwa, manhajar na nan a buɗe, ga bidiyo, ga zauren tambaya, ga waɗanda ka horar. Wannan ba cin amana ba ne.

Shi kuwa Baba, tambayarsa ta uba ce mai tsoron kada ɗansa ya tsufa yana yi wa mutane bauta. Kada ka tsaya yi masa bayanin lasisi. Ka je ka gaishe shi ranar Juma'a, ka ce ka ji maganarsa kuma ka ɗauki mataki, ka roƙe shi addu'a. Ranar da makaranta ta farko ta biya, ka cire wani abu ka sayi goro, ka haɗa da kwafin rasit ɗin ka kai masa, ka ce masa aikin da ka yi wa Inna ne ya fara kawowa.